Yatsun Mai Gyaran Akwati

Shekara talatin da huɗu yayana ya yi yana gyara wa matafiya akwatuna, shi kuwa bai taɓa wuce tashar motar bakin gari ba. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya. Shagona na zare da maɓallai yana kallon nasa, kwalta ce kawai a tsakaninmu, kuma tun da mijina ya rasu a gidansa nake zaune. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. A idona aka yi, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mai Zif ake ce masa a layinmu. Shagon nasa taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, amma abin da ke ciki zai cika babbar mota. Akwatuna ne jibge har silin, wasu na jiran masu su, wasu masu su sun manta da su tun wata gwamnatin. A kan kanta ga gwangwanayen madara a jere, wannan na tayoyi, wannan na kan zif, wancan na ƙananan ƙusoshin da in ɗaya ta faɗi sai ya tsayar da aiki ya nemo ta. Benci ɗaya, tsohon keken ɗinki ɗaya, sai warin gam da ke bin sa har cikin gida.

Aiki kam a bar wa mai shi. Mutum zai kawo akwatin da jirgi ya tauna ya tofar, Yaya ya juya shi sau biyu ya ce, "Dawo jibi da azahar." Jibi da azahar mai shi zai zo yana neman inda aka yi gyaran ya rasa. Sai dai yana da wata hanya tasa wadda na yi surutu a kanta har bakina ya gaji. Ba ya shafa gam da buroshi, da yatsa yake shafawa. In ya gama ɗinki da zaren roba sai ya ƙyasta ashana ya narka bakin zaren, ya murje shi da yatsu biyu tun yana zafi. In an tashi aiki ya wanke hannu da fetur, abin da ya ƙi fita ya bi shi da sanfefa kamar katako.

"Yaya, ba don wannan aka yi buroshi ba?" nakan ce.

"Buroshi makaho ne, Auta," in ji shi. "Yatsa ne ke jin inda gam ya kai da inda bai kai ba."

Auta yake ce min har yau, ga ni da furfura.

Aibinsa ɗaya ne, kuma shi mutane ke yabo: alkawari. In ya ce azahar, to azahar ce, ko sama za ta haɗe da ƙasa. Masu akwati suna sa masa albarka. Mu na gida mu muka san abin da albarkar take ci.

Ranar da matarsa ta rasu yana shago. Kwananta shida a asibiti, 'yarsu tilo ce ke zaune da ita, lokacin tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Da hantsi yarinyar ta kira shi ta ce jikin ya rikice. Ya ce ga shi nan, hannu ɗaya ya rage ya ɗaura, mai akwatin jirgin yamma zai bi. Ta sake kira, ya ce saura ɗinki biyu. Na tsallaka titi da kaina na ce, "Yaya, don girman Allah ajiye basillar nan mu tafi." Ya ce, "Auta, na yi wa mutum alkawari." Da muka isa an riga an ja mata zane. Yarinyar ba ta yi masa ihu ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Dubansa kawai ta yi ta ce, "Baba, an gama akwatin?"

Bayan shekara biyu ta samu aiki a wani asibiti a ƙasar waje, ƙasar da tsibiri ce ɗungurungum, teku ya zagaye ta ko ta ina. Ta tafi. Nas muke ce mata, shi kuma Uwata yake ce mata. A can ta auri wani mai haɗa magunguna a asibitinsu, ta haifi 'ya mace. Shekara tara ba ta leƙo gida ba. Ni takan kira ni duk mako mu yi hira har wayar ta yi zafi. In na miƙa wa ubanta, "Baba, ina wuni, ya aiki?" ne, shi kuma, "Lafiya lau, Uwata." Shi ke nan, an gama. Ba don ba ya son ta ba. Na sha leƙa shi yana kallon hotonta a wayata in ya zaci na shiga kicin. Bakinsa ne bai iya abin da hannunsa ya iya ba.

Wata Laraba da la'asar ta kira ta ce in tsallaka in ba shi wayar, in sa yadda ni ma zan ji.

"Baba, na samu hutun wata guda nan da wata uku. Zan aiko muku da tikiti, kai da Gwaggo. Ina so 'yata ta ga kakanta, ta kai shekara bakwai ba ta san shi ba."

"To ai ke sai ki zo, Uwata. Ga gida."

"A'a, Baba. Na gaji da tsayuwa a ƙofar shagon nan ina jira ka ɗago kai. Wannan karon kai za ka rufe shi ka zo wurina. Ban taɓa roƙonka komai ba, kuma in ka ƙi ba zan sake ba."

Ya ajiye filayar da ke hannunsa ya ce, "Zan zo. Na yi miki alkawari."

Na ce a raina, kai, Allah na gode maka, yau dai alkawarin ya faɗo cikin gida.

Daga ranar Yaya ya zama wani mutum. Ya je wurin mai kemis na kusa da mu ya ce ya nuna masa ƙasar a taswirar waya. Mai kemis ya yi ta jan allon da yatsu, shuɗi ne kawai ke wucewa, can sai ga wani ɗigo.

"Wannan?" in ji Yaya. "Kamar kashin ƙuda a gilashi? A nan mutane suke zaune, har da asibiti?"

"Har da jami'a, Baba."

"To in ruwan ya tashi cikowa fa, ina suke gudu?"

Layi guda aka yi ta dariya, shi ma yana yi. Na daɗe ban ga haƙoran yayana ba sai lokacin.

Nas ta aiko da jerin abin da za mu shirya: kaya marasa nauyi saboda zafin can mai gumi ne, laima saboda ruwan samansu ba ya sallama, takalmin roba na taka yashi, katin allurar rigakafi, da maganin hawan jininsa na wata guda. Jirgi biyu za mu hau, da zaman jira na awa biyar a tsakani. Yaya ya sa na kwafe jerin a takarda ya manna a jikin keken ɗinki. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sha tambaya. A jirgi ina ne wurin da bai cika girgiza ba? Da gaske ne kunne na toshewa? Ruwan teku in ya taɓa ƙafar mutum yana ƙaiƙayi? Mutumin da ke ɗaga akwati da hannu ɗaya ya faɗa maka kilonsa, ga shi yana tambayar yara 'yan makaranta yadda ake ɗaura bel.

Kwana uku ya yi yana zaɓar akwatin da zai tafi da shi. Wannan tayarsa ragguwa ce, wancan a ido ne kawai yake da kyau. Da ya zaɓa, ya shirya kayansa tsaf saura wata biyu da rabi. Na ce, "Haba Yaya, ka ce gobe ne tafiyar." Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Kullum da safe sai ya buɗe akwatin ya kwashe, ya sake jerawa. Ya ba tela ya ɗinka masa riguna uku masu gajeren hannu, shi da bai taɓa barin rana ta ga gwiwar hannunsa ba. Ya gwada ɗaya ya fito tsakar gida yana tambayata ko bai yi kama da ɗan ƙwallo ba.

Ni kuwa gaskiya tafiyar ba ta gabana. Tsoron jirgi nake yi, ruwa kuma ko na kwata ba na son tsallakawa. Don shi na yarda.

Saura fasfo. Muka cika takardu, aka ba mu rana, muka je ofishin tun da sassafe. Zaure ne babba mai kujerun roba da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Aka kira ni, aka ɗauki hoto, na ɗora yatsuna a kan wani ɗan gilashi mai haske, na'ura ta yi ƙara, aka ce in tashi. Ko minti biyar ban yi ba. Aka kira Yaya. Ya gyara zaman sabuwar rigarsa, ya ɗora hannu. Shiru. Jami'in, wani saurayi mai ladabi, ya goge gilashin ya ce ya sake. Shiru. Ya ce ya danna da ƙarfi, ya ce ya sassauta, ya ce ya hura wa yatsun iska, ya ce ya shafa goshinsa ya sake ɗorawa. Sau goma sha ɗaya na ƙirga. Ƙarshe ya kama hannun Yaya ya juya shi ya duba.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Gyaran akwati."

"Ai babu zane a yatsun nan ko ɗaya. Sun yi sumul kamar gindin cokali."

Na leƙa. Wallahi shekara da shekaru ina ganin hannun nan ban taɓa lura ba. Gam da fetur da wuta da sanfefa sun share komai, sai sheƙi da tsaga-tsaga.

Jami'in ya ce hanya biyu ce. Ko a kawo takardar likita a aika babban ofishi, wannan kuma yakan ɗauki wata uku ko fiye. Ko kuma Baba ya huta da aiki gaba ɗaya na mako shida, yana shafa mai safe da yamma, zanen yakan dawo in an ƙyale fata. Ya ba mu wata ranar, kwana tara kafin tashin jirginmu, ya ce in na'ura ta karɓa fasfo zai fito cikin mako guda. Ya ƙara da cewa, "Amma Baba, ko allura kar ka riƙe."

A hanya na ce mu gaya wa Nas. Ya ce a'a, kar a tayar mata da hankali a kan abin da zai wuce. Na yarda, kuma wannan shi ne laifina na farko.

Washegari Yaya ya sa kwaɗo a shagonsa, ranar aiki, da rana tsaka. Mutanen layi suka fito kallo, wasu suna tambaya ko rasuwa aka yi. Ya kira masu akwatuna ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri, ya tura su wurin wani mai gyara a ƙasan kasuwa wanda da ko sunansa ba ya son ji. Ya koma gida ya zauna.

Wanda bai ga Yaya a makonnin nan ba bai san wahalar zaman banza ba. Da safe in lafta masa basilin, in sa masa safar hannu ta auduga, in tafi shago. In dawo in same shi a kan kujerar tsakar gida, hannuwa a kan gwiwa kamar wanda ake jira a yanke wa hukunci. Hannun ƙofar kicin ya yi lako-lako yana kallonsa ba dama. Ya yi ta bin gida yana nuna min abubuwa da haɓa: ga ƙusa ta fito, ga igiyar shanya ta saki. Na ce, "Ka bar su, gidan ba zai rushe a mako shida ba." Abinci ma da cokali yake ci, yana ƙunƙuni. Amma ya daure. A mako na huɗu muka fita hasken rana na duba yatsun, sai ga wasu siraran layuka sun fara fitowa. Ya yi ta kallonsu yana murmushi, ya ce, "Ashe suna nan."

Ranar Lahadi ta mako na biyar Nas ta kira ta bidiyo. Yaya ya cire safar ya ɓoye a bayansa. Ta nuna mana ɗakin da ta gyara masa, da taga mai kallon bishiyoyin kwakwa, can bayansu ga teku. Ta fi minti ashirin tana magana da shi, abin da ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Har ta tsokane shi ta ce za ta sa shi a kwalekwale. Ana cikin haka jikar ta shigo tana neman wani littafi, ta gaishe mu da 'yar Hausarta mai karkacewa, ta ɗauki jakar makarantarta ta rataya ta juya. Igiyar jakar ɗaya ta tsinke, an kama ta da fil. Zif ɗin kuma ya buɗe baki ta gefe.

Ni na gani, kuma na ga ya gani. Idonsa ya bi jakar har ta fita daga allon. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Wannan shi ne laifina na biyu.

Ranar Alhamis na dawo gida da rana ɗaukar maganina da na manta. Tun daga ƙofa wari ya tare ni. Na san warin nan kamar yadda na san sunana. Na tura ƙofar ɗakinsa. Yana zaune a ƙasa, ya shimfiɗa jarida, ga gwangwanin gam a buɗe, ga ashana, ga kwalbar fetur. A cinyarsa wata 'yar jaka ce ta jar fata, mai aljihu biyu, igiyoyinta da laushi a ciki don kar su ci kafaɗa. Ya kusa gamawa. Safar hannun tana rataye a ƙusa.

"Yaya! Me zan gani haka?"

"Kwana huɗu ne kawai, Auta. A hankali nake yi."

"A hankali? Miƙo hannun!"

Ya miƙo. Gam ya bushe a kan yatsun, inda ya kankare ya yi ja, babban yatsa da manuni sun ƙone da zare. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu.

"Kasuwa cike take da jakunkuna! Da ka ce min ai da na sayo goma!"

"Na kasuwa?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni ina raye jikata ta rataya ta kasuwa? Kin ga wadda take ratayawa, da fil fa aka kama. Kuma in je mata hannu rabbana? Me zan ce mata ni ne?"

"Ka ce mata kai ne kakanta! Shi kaɗai aka ce ka kai!"

Na faɗa masa maganganu ranar, ba na jin akwai wadda na rage. Na ce masa hali zanen dutse ne, na ce ya kashe kansa da hannunsa, na tuna masa da matarsa, abin da ban taɓa yi ba. Ya sunkuyar da kai yana saurare. Da na gama ya ce, "To tunda an riga an ɓata, bari in ƙarasa bakin zif ɗin."

Kwana takwas suka rage mana kafin ranar ofis. Na shafa basilin, na shafa man zaitun, na shafa duk abin da mai kemis ya ba ni. Ihu bayan hari.

Jami'in nan ne dai muka samu. Ya gane mu, ya yi wa Yaya barka da zuwa. Yatsu uku na hagu na'ura ta karɓa, har na fara hamdala. Sauran ta ƙi. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya kira na gaba da shi ya zo ya gwada. Sannan ya dubi hannun ya dubi Yaya.

"Baba, ka yi aiki."

"Kaɗan."

"Wallahi na so in taimake ka. Yanzu sai dai takardar likita, a aika sama."

Nawa fasfon yana cikin jakata tun makonni. Nasa babu, jirgi kuma saura kwana tara.

A motar haya muna komawa na ce, "Yau za ka kira ta ka gaya mata komai. Gaskiya ce, ba ƙarya ba. Za ta yi fushi, amma ƙila ta nemi a ɗaga hutun."

"Zan gaya mata."

"Ni ma na fasa. Me zan je yi?"

"A'a, ke ki je," ya ce da sauri. "Tikitin kar ya lalace. Kuma yarinyar za ta koma makaranta, ki kai mata jakar."

Na dube shi. Ƙarshe na yarda, ba don jaka ba. Na ce in ina gabanta ido da ido, ƙila in iya roƙa masa abin da shi ba zai iya roƙa ba.

Bayan kwana biyu na tambaye shi ko ya gaya mata. Ya ce ya gaya mata. Na ce me ta ce? Ya ce ba ta ce komai ba. Wannan ya yi kama da ita, sai na gaskata. Makon nan tana ta aikin ƙarshe kafin hutu, saƙonni kawai take turo min na lokacin jirgi da ƙofar da za a bi. Ba ta ambaci ubanta ba, na ɗauka fushi ne, na ji nauyin tayar da maganar a waya. Laifina na uku ke nan, kuma shi ya fi ci na.

Shi ya raka ni filin jirgi. Ya naɗe jakar a cikin ɗaya daga sababbin rigunansa, ya sa ta a tsakiyar kayana don kar ta lanƙwashe. Ya ɗaga akwatin ya ce bai kai kilon ba, ya tura min shi har inda masu gadi ke tsayar da 'yan rakiya. Ya ce, "Allah ya tsare, Auta." Na ce, "Ba saƙo?" Ya ce, "Yana ciki."

Ban san yadda na yi tafiyar ba, idona a rufe na yi rabinta. Da aka buɗe ƙofar jirgi na biyu wata iska mai ɗumi da ɗanshi ta rufe min fuska, nan take zufa ta karyo. Na bi mutane, aka buga min hatimi, na ɗauki akwatina na fito.

Na hango su tun daga nesa. Nas ta yi ƙiba kaɗan, ta koma uwarta sak. Kusa da ita yarinyar ce, riƙe da kwali da hannu biyu sama da kanta, ta rubuta da fenti kala-kala: SANNU DA ZUWA KAKA. Nas ta rungume ni tana dariya, amma idonta na bayana.

"Ina Baba? Ya tsaya duba akwatunan mutane ko?"

Ashe bai gaya mata ba. Mutumin da bai taɓa yi wa mai akwati ƙarya ba, ni ya yi wa.

A tsaye a wurin na faɗa mata komai, mutane suna ratsa mu da kaya. Na'urar, mako shidan, kwaɗon da ya sa a shago, safar hannun, yadda zanen ya fara dawowa. Na nanata mata mako biyar ɗin nan, na ce, "Ubanki ya rufe shago saboda ke, ni shaida ce." Sannan na durƙusa na buɗe akwati na ciro jakar, don in ta gani da idonta ƙila ta fahimta. Yarinyar ta ajiye kwalin ta karɓa, ta rataya, tana juyi tana tsalle. Ta zauna mata daidai kamar an gwada.

Nas ba ta taɓa jakar ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar da fasinjoji ke fitowa, ko da yake ta ji abin da na ce, har ma'aikatan jirgin suka fito aka rufe.

"Ban ce ya aiko da jaka ba, Gwaggo," ta ce a hankali. "Cewa na yi ya zo."

"Son ta ne ya sa shi, 'yar nan."

"Na sani. Haka yake son mu duka. Mu je, mota na waje."

Hanyar gidansu ta bakin teku take bi. Ga ruwan nan har iyakar gani, ga kwalekwalen masunta, ga bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo kan titi, duk abin da Yaya ya yi wata uku yana tambaya a kai, ni da ban nema ba ni ke kallo. Yarinyar tana kujerar baya, tana buɗe aljihun jakar tana rufewa.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne. Na ɗauka.

"Auta, kin sauka lafiya?"

"Na sauka, Yaya."

Ina jin numfashinsa. Na san abin da yake so ya tambaya, na ba shi lokaci, ina roƙon Allah a raina ya buɗe masa baki sau ɗaya a rayuwarsa. Na miƙa wa Nas wayar kusa da kunnenta. Ta girgiza kai, hannuwanta biyu a kan sitiyari, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Na mayar da wayar kunnena.

"Auta, kina ji na?"

"Ina jin ka."

"Zif ɗin bai cije ba ko?"

"Bai cije ba, Yaya," na ce.